Babban inji da ɗan auta: shin za a iya barinsu suna aiki tare a tirela?

Wata Laraba cikin watan Janairu, irin sanyin nan na Jos da yake sa mutum ya kasa riƙe sifana da safe, wani dattijon direba ya shigo mana gareji da kan tirela ƙirar Freightliner, mai dogon hanci da ɗakin kwana a baya. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce "Oga zo ka duba min ɗan janareton nan na gefe, ya kusa kashe min mota a Hawan Kibo." Na ce Baba sannu, zauna tukun a kawo shayi. Yaron motarsa na gefe yana ta sunkuyar da kai, daga gani da hannunsa a ciki.

Yadda abin ya faru kuwa, motar tokumbo ce daga Amurka, ta zo da wani akwatin ƙarfe maƙale a jikin shasi ta ɓangaren fasinja, wata da watanni ba wanda ya kula shi, su a zatonsu ma akwatin ajiye kayan aiki ne da makullinsa ya ɓata. Ranar da yaron ya ɓalle murfin sai ga ɗan inji a ciki tsaf, da fanbel ɗinsa da altanetarsa da kwamfireson esi. Suka sa aka taɓa shi ya tashi, ɗakin kwana ya ɗau sanyi kamar banki. To dama esin motar ya daɗe da mutuwa, sai Baba ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, a riƙa kunna wannan ɗin ana tafiya, musamman in an gangara Lafiya da Makurɗi inda zafi ba ya wasa. Matsalar ita ce duk sanda ya murɗa makullin mota sai ƙaramin injin ya mutu. Ya kashe mota, ya dawo. Ya kunna, ya mutu. Wani mai wayarin a bakin hanya ya duba ya ce ai wata waya ce take kashe shi, ya sa filaya ya datse ta, aka biya shi, kowa ya yi farin ciki. Tafiya biyu lafiya lau. A ta uku suna hawowa da kaya, ƙaramin ya mutu da kansa a tsakiyar hawa, ba a jima ba warin ruwan zafi ya cika gaban mota, allurar zafi ta fara miƙewa. Allah ya taimaka Baba tsohon hannu ne, ya samu gefe ya tsaya kafin gaskit ya ƙone.

Tun daga ranar mutum uku ko huɗu suka yi min tambaya iri ɗaya, wai dan Allah laifi ne a bar injin mota da wannan ƙaramin suna aiki lokaci guda? Amsar ba ta layi ɗaya ba ce shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta.

Sunan abun APU, ma'ana injin taimako. Mu a garejinmu ɗan auta muke ce masa, babban injin kuma babba, haka zan riƙa kiransu a nan. Ɗan ƙaramin injin gas ne, yawanci silinda 2, aikinsa ya ba da sanyi a ɗakin kwana, ya yi cajin batir, ya ba da wutar da za a jona firji ko talabijin ko cajar waya, duk a lokacin da babba yake kashe. Waɗanda aka fi gani a jikin motocin da suke shigowa su ne TriPac na kamfanin Thermo King, mai injin Yanmar, da ComfortPro na Carrier mai injin Kubota. Kuma ba tsarinsu ɗaya ba. TriPac fanbel ne yake juya kwamfireso da altaneta kai tsaye kamar dai ƙaramar mota, shi kuwa ComfortPro janareto ne sosai, yana ba da wuta irin ta gida, daga nan esi yake sha.

Me ya sa Turawa suka wahalar da kansu suka ƙara inji a kan inji? Direban doguwar tafiya a Amurka doka ta ba shi tuƙin awa 11, daga nan dole ya huta awa 10, kuma a cikin motar yake kwana. Ƙasar ga sanyin da yake daskarar da ruwa ga zafi a kudanci, don haka da can sai dai ya bar mota a sulo har gari ya waye. Babban inji mai lita 13 ko 15 in yana sulo yana shan wajen lita 3 na gas duk awa, ba tare da taya ta motsa ko taku ɗaya ba. Cibiyar bincike ta Argonne ta ƙiyasta cewa irin wannan motar tana yin kusan awa 1,800 a sulo a shekara, wajen galan 1,500 kenan, in ka juya shi lita sama da 5,600. Shi kuwa auta bai cika kai lita 1 a awa ba. Sannan doka ta shigo, jihar Kalifoniya ta hana barin babbar mota a sulo fiye da minti 5, kuma daga 2008 har masu kwana a mota dokar ta hau kansu, wasu jihohin ma suna da irin tasu. Gwamnatin tarayyarsu har rangwamen nauyi ta yi wa mai APU a sikeli, fam 400 a dokar 2005, aka ƙara zuwa fam 550 a 2012, wato wajen kilo 250. Mu da muke lafta wa mota kaya har sai sifirin ya miƙe wannan rangwamen dariya zai ba mu, amma a can in nauyi ya haura ƙa'ida tara ce.

To kun ga tun daga asali karɓa-karɓa aka tsara musu. Babba na aiki auta na barci, babba ya kwanta auta ya karɓa. Wayar nan da aka datse wa Baba aikinta kenan, daga makullin mota take zuwa ta gaya wa kwamfutar auta cewa maigida ya tashi, kai koma ka jira. Ba lalacewa ba ce, haka aka haɗa shi. Akwai motocin da ba a sa musu wannan wayar ba tun farko, akwai kuma waɗanda aka sa musu maɓalli a gaban direba da zai zaɓa, shi ya sa za ka ji wani direban ya rantse maka shekara biyu yana haɗa su bai ga komai ba, wani kuma ya ce tasa ko minti ɗaya ba ta yarda. Duk gaskiya suke faɗa, haɗin motocin ne ya bambanta.

Abu uku ne suka ɗaure su tare, tankin gas da batir da ruwan lagireto.

Na gas ba wani dogon zance. Tanki ɗaya suke sha, kowa da bututunsa, kuma masu haɗawa sukan yanke bututun auta ya fi na babba gajarta don kada ya shanye man cikin dare a wayi gari mota ta ƙi tashi. Don haka in gas ya yi ƙasa kuma kana hawa ko gangara man yana karkata gefe, auta ne zai fara shaƙar iska ya mutu, sai an yi masa famfo an fitar da iskar. Sauran kuma lissafi ne. Mu ce lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, kwanan awa 10 a layin lodi da babba a sulo lita 30 ne, dubu 30 kenan. Da auta kaɗai bai kai dubu 10 ba. In ka haɗa su biyun a tsaye kuwa ka doshi dubu 40, ka biya kuɗin sanyi sau biyu a ɗaki ɗaya. Tun 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi ba mai motar da zai ji wannan ya yi shiru.

Batir shi ne inda mutane suka fi jin tsoro kuma a nan ne tsoron ya fi yawa a kan haɗarin. Ana cewa wai altaneta biyu in suka haɗu a batir ɗaya za su yi faɗa, ɗaya ta tura wa ɗaya wuta ta ƙone ta. Ni dai a aikina ban taɓa cire altanetar da wannan ne ya kashe ta ba. Kowace altaneta tana da diyod da suke barin wuta ta fita amma ba ta komowa, kuma kowacce tana da regileta da take kallon ƙarfin wutar batir, a mota mai wutar bolt 12 wajen bolt 14 ake so. Abin da yake faruwa shi ne wadda aka saita ta ɗan fi sama, ko da da ɗigo biyu ne, ita take ɗaukar kayan, ɗayar ta ga ai wuta ta kai sai ta kwanta tana juyawa a banza. In ta babba ce a sama shikenan ba komai. In kuwa ta auta ce a sama to nan ne ƙaramar za ta ɗauki fitilun gaba da na bodi da fanka da kwamfutar inji duk a kanta, alhali ta TriPac amfiya 65 ce ko 120, ta babba kuwa sau da yawa 160 ce ko fiye. Ba za ta fashe ba amma za ta yini tana aiki a ƙarshen ƙarfinta cikin akwatin da dama zafi ne da shi, kwananta zai ragu, fanbel ɗin ma haka.

Abin da ya fi damuna a ɓangaren wuta shi ne ɓoye ciwo. Altanetar babba ta mutu ko ta fara rauni, auta yana rufa mata asiri, direba na ganin mita tana nuna 13 da wani abu yana ta tafiya, ranar da auta ya yi tari a daji da daddare ranar zai san ashe sati uku ba shi da caji.

Yanzu ruwa. A nan maganar take, kuma duk wanda zai duba motarsa to ya fara daga nan, ya kwanta ƙarƙashi ya bi tiyo da hannu. A yawancin haɗin da ake yi a Amurka auta ba shi da ruwan kansa. Tiyo biyu ne suke fitowa daga jikin babban inji, ɗaya ya kawo ruwa ɗaya ya mayar. Da gangan aka yi haka, saboda a can sanyi yana sauka ƙasa da sifili sosai, babban injin gas in ya kwana a haka da ƙyar yake tashi, to sai auta ya kwana yana zagaya ruwansa mai ɗumi ta cikin bulok ɗin babba, da asuba ana murɗa makulli ta kama. Shi kuma babba da yake a kashe yake, ƙaton ƙarfe ne mai sanyi, ya zama kamar wani lagireto ga auta, yana shanye masa zafi. Kowa ya amfana. Wasu kamar TriPac an ƙara musu ɗan ƙaramin lagireto da fankar lantarki da yake rage zafin ruwan kafin ya shiga.

To kunna babba ka ɗora masa tan 30 ka nufi Jos daga Akwanga. Ruwan da yake zagayawa yanzu ba mai sanyi ba ne, tamostat ɗin babba ma sai wajen digiri 82 zuwa 88 yake buɗewa, a hawa kuwa ruwan ya haura 90 ba labari ba ne. Wannan ruwan shi ake miƙa wa auta a ce ya huce da shi, ga shi yana jan kwamfireson esi. Kamar ka ba mai jin ƙishi ruwan shayi ne. Sannan akwai maganar famfo. Famfon ruwan babba ƙato ne, in inji na juyi 1,500 a minti ƙarfin turinsa ba a haɗa shi da ɗan famfon auta. In wanda ya haɗa tiyon ya ɗauko daga inda ya dace ya mayar inda ya dace, turin biyun hanya ɗaya za su bi, ba matsala. In kuwa an juya su, ko an taɓa sauke inji a nan gida aka mayar da tiyon yadda aka ga dama, wanda wallahi shi ya fi yawa, sai famfo biyu su riƙa turin juna, ruwa ya tsaya cak a cikin auta ko ya riƙa tafiya da ƙyar. Akwai na'urar da take kashe shi in zafi ya yi yawa, ita ce ta kashe na Baba a tsakiyar hawa, ta yi aikinta. Wanda aka cire wa wannan na'urar kuwa, don akwai masu cirewa wai tana damunsu, kan silinda ne zai tafi.

Da muka bi na Baba sai muka samu tiyon da yake mayar da ruwa daga auta ne ya tsage a kusa da kilif, ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi, da alama tun na Amurka ne. Ta nan ruwan babba ya tsiyaye. Don a yi adalci, wannan tiyon zai iya fashewa ko da auta na kashe, tunda ruwan babba na bi ta cikinsa ko yaya, kuma matsin murfin lagireto ɗaya ne a ko'ina. Amma auta ya ƙara masa wuta a daidai inda ya fi rauni. Abin lura dai shi ne in ruwansu ɗaya ne, ciwon ƙaramin inji na iya kwantar da babba, injin da ake maganar miliyoyi.

Akwai kuma kishiyar wannan da na gani sau biyu. Masu haɗawa sukan sa bawul a kan tiyon biyu don a iya rufewa in za a yi gyara. Bakanike ya rufe su ya manta, ko ya rufe da gangan don wani yoyo, direba bai sani ba ya kunna auta a wurin kwana, cikin 'yan mintuna ya tafasa ya mutu, a zo ana zargin kwamfuta. Haka in an canza ruwa ba a fitar da iska ba, iskar takan taru a auta.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu abokan aiki ba za su yarda ba, a ƙasar nan gara a raba musu ruwa kowa ya ci gashin kansa. Kamfanonin da kansu suna da irin wannan haɗin, auta da ɗan tankinsa da lagiretonsa. Ɗumama babba da ake yi dominsa mu bai dame mu ba. Jos ɗin da muke taƙama da sanyi, muna sama da mita 1,200, a tsakiyar hunturu da asuba wajen digiri 10 ne, injin da batirinsa ke da kyau da nozul masu lafiya zai tashi, sai dai ya yi ɗan farin hayaƙi. Balle Lokoja ko Fatakwal. In an raba ruwan, aka tabbatar lagireton auta ya isa kuma fankarsa na aiki, to mafi girman dalilin hana haɗa su ya tafi, saura ɓarnar gas da wahalar da ƙaramin inji.

Wahalar kuwa gaskiya ce. An yi shi ne ya yi aiki mota na tsaye. A kan tafiya yana gefen shasi kusa da taya, duk ƙurar hanya da ta hunturu a matatar iskarsa take ƙarewa, ga ramuka, ga ɗan baƙin man cikinsa da bai taka kara ya karya ba yana karkata a hawa da gangara. Kuma shi da awa ake lissafa juyen mansa ba da kilomita ba, wani littafin ya ce 500 wani 1,000 wani fiye, in kana kunna shi dare da rana awannin nan kafin ka ankara sun cika, kuma ban taɓa ganin direban da yake duba mitar awar ba.

To yaushe ne haɗa su ba laifi? In ka iso masauki bayan doguwar tafiya ko ka gama hawa, dama ba a so ka kashe babba nan take, ana barinsa minti 3 zuwa 5 a sulo tabo, wato na'urar da take cusa wa inji iska, ta huce. In motarka na yarda, ka tada auta a wannan tsakanin ɗaki ya fara sanyi, ba abin da zai faru. Haka da safe, auta na aiki ka tada babba, mintunan da za ka yi kana jiran iska ta cika ba komai ba ne. A nan bari in faɗi wani abu don na taɓa jin yaron mota na musu a kai, auta ba ya tara iskar birki, ba ya juya famfon sitiyari, kwamfireson da ke jikinsa na esi ne kawai. Ko ya kwana yana aiki sai ka tada babba ka jira allurar iska ta hau kafin ka saki birki.

Sai lalura. Altanetar babba ta mutu maka tsakanin Akwanga da Fores da yamma, ba mai gyara kusa, kuma wurin ba na kwana ba ne. Auta zai iya riƙe maka batir ka lallaɓa zuwa gari, ka kashe duk abin da ba dole ba, har da esin, ido a kan mitar wuta da ta zafi. Wannan dabara ce mai kyau kuma ita kaɗai ta isa a ce maɓalli ya fi datse waya, don maɓalli kana mayar da shi. Amma ka fara buɗe bonet ka gani, in fanbel ne ya tsinke, a wasu injinan shi ne yake juya famfon ruwa ko fanka, to nan ko auta goma gare ka kada ka motsa. Haka in batir ya yi sanyi mota ta ƙi tashi amma auta ya samu ya kama, ka bar shi ya yi caji kamar rabin awa zuwa awa kafin ka sake gwada kik, kada ka yi ta murɗawa.

Na esin da ya mutu kuwa, irin na Baba, ni ban kira shi lalura ba in ya wuce tafiya ɗaya. Esin mota a kan tafiya ɗan abin da yake ƙara wa babba a shan mai kaɗan ne, kai kuma ka ajiye inji guda yana cin kusan lita a awa, awa 10 a rana, don gudun sayen kwamfireso. Yi lissafin wata biyu ka gani. Kuma iskar auta a ɗakin kwana take fita, mai tuƙi sai dai ya samu saura, yaron mota da yake miƙe a baya shi yake morewa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba kuma ya fi duk waɗannan haɗari, auta yana iya tashi da kansa. Da yawansu an saita su in batir ya yi ƙasa ko ɗaki ya yi zafi su kunna kansu ba tare da kowa ya taɓa ba. Ka ɗauka yaro ya zura hannu yana duba fanbel. Ko mai tanka yana cikin defo ana lodin fetur an ce kowa ya kashe inji, ya kashe babba ya zare makulli hankalinsa kwance, alhali zare makullin ma shi ne yake ba auta izinin karɓar aiki. Akwai maɓallin kashewa a cikin akwatin nasa, shi ake kashewa, ba na cikin ɗaki kaɗai ba. Masu tanka dan Allah ku riƙe wannan.

Sannan masu sha'awar cire shi daga wata mota su ɗaura a tasu, don yanzu an fara nemansa a wajen masu kayan gyara na Dilimi. Motocin Amurka irin su Mack da Freightliner da International wutarsu 12 ce, batir uku ko huɗu a jere kai da kai. DAF da MAN da Actros da Iveco, da na Chana irin su Howo, 24 ne. Auta ɗan Amurka ba zai hau DAF haka kawai ba, in ka jona shi a batir ɗaya daga cikin biyun za ka riƙa cika ɗaya kana barin ɗaya, duka biyun su lalace. Soket ɗin cikin ɗakin ma bolt 120 yake bayarwa, mu kuwa kayanmu na 230 ne, cajar waya da ta laftof yawanci suna karɓar kowanne amma butar lantarki ko firjin kasuwar Taminus ba za su yi daidai ba. Su kuma masu ɗaure ƙaramin janareton fetur a bayan kai su jona esin gida, wannan ba APU ba ne kuma ba ruwansa da injin mota, matsalarsa hayaƙi. Hayaƙin janareton fetur ba ya bukatar wari kafin ya kashe mutum a barci, in salansa na kallon ƙarƙashin ɗaki ko motoci sun matsu a wurin kwana iska ba ta wucewa, gilashi a rufe, to ana wasa da rai. Ko na auta na asali ma a riƙa duba salansarsa kada ta huje a ƙarƙashin gado.

Na Baba dai mun mayar da wayar da aka datse, muka bi da ita ta maɓalli a ƙasan dashbod, na nuna masa na ce wannan na ranar da altaneta ta mutu ne. Muka canza tiyon biyu gaba ɗaya da sababbin kilif, muka fitar da iska, muka bar shi ya yi awa guda a tsaye allura ba ta motsa ba. Na kawo maganar raba ruwa ya ce sai ya yi magana da Alhaji mai mota, na kawo ta kwamfireson esi ya ce "Oga wannan kuma sai bayan an dawo daga Fatakwal, yanzu ko kuɗin tiyon nan daga aljihuna ne." Yaron ya tambaya a hankali wai to yanzu in ana tafiya ba sanyi kenan, Baba ya ce masa ya sauke gilashi. La'asar suka fita zuwa Farin Gada lodin kabeji da karas, na ga yaron ya ɗaure murfin akwatin da waya tunda makullin da ya ɓalle har yau ba a samu irinsa ba.